Ɓarin jikin Ummanmu ya shanye, dan Allah ku ba ni shawara

Maman Raihana:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ummanmu ce jalɗa, wato shanyewar ɓarin jiki, ta same ta yau sati biyar kenan, shekarunta 63, dama tana da hawan jini da suga kuma gaskiya ba ta ɗorewa da shan magani. Da asuba ta tashi alwala buta ta suɓuce mata, baki ya karkace, muka kira 997, lambar motar asibiti, aka kai ta mustashfa, wato asibiti, hoton kai ya nuna jini ne ya daskare ya toshe jijiya. Yanzu hannun dama sai dai yatsu su ɗan motsa, ƙafar janta take, magana na fita amma da nauyi. An rubuta mata gashi, wato atisayen motsa gaɓɓai a asibiti, sau biyu a sati, to mu a Shara Mansur muke nan Makka, hawa na biyu babu lifta, sai yayana ya goya ta ake saukowa, ga kuɗin jalsa, wato kowane zaman gashi, ga na taksi. Kawu kuma ya kafe a kawo wani dattijo ya yi mata kayyi, wato ƙona fata da ƙarfe mai zafi. A gida ba ma barinta ta ɗaga ko cokali, ni ke ba ta abinci ni ke sa mata kaya. Jiya na tarar tana ƙoƙarin jan carbi da hannun, ya zame mata, ta juya fuska bango tana hawaye. Anya hannun nan zai dawo kuwa?

Baban Sadik, Jidda:
Allah ya ba Umma lafiya ya sa kaffara ne. Maganar wuta dai ku lallashi Kawu ya bari. Mahaifina da ruwan zafi kawai muka riƙa gasa masa ƙafa, ashe ɓarin ba ya jin zafin, sai da fata ta sale muka ankara, ga suga, wata uku muna jinyar gyambo mun bar ainihin jinyar.

Abu Hafsa, Madina:
Ƙanwata aikina kenan, ni mai gashi ne, bari in ɗan tsawaita. Ciwon ba a hannun yake ba, a ƙwaƙwalwa yake, ɓangaren hagu aka taɓa shi ya sa dama ya shanye har maganar ta yi nauyi. Ƙona fata ba ya kaiwa can. Abin da ke kaiwa shi ne maimaita motsi, ƙwaƙwalwa tana sake koyon aikin ta wasu hanyoyin, kuma ta fi saurin koyo a wata uku na farko zuwa shida. Bayan nan ma ana samun ci gaba amma a hankali. Kin ga sati biyar sun riga sun tafi. Yatsun da kika ce suna motsi alama ce mai kyau, sai dai ba zan yi miki alkawarin zai koma kamar da ba.

Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, hidimar da kike mata ce take ɗaure hannun. Jalsa biyu a sati ba sa isa idan sauran kwana biyar ɗin a kwance take ana yi mata komai. Ku zaunar da ita a kujera mai ɗan tudu, ta ɗora hannun a tebur kan tawul, ta tura gaba ta dawo, hannun mai lafiyar yana taya shi. Ta tashi tsaye ta zauna sau 10 safe da yamma, ƙafafun biyu a dake a ƙasa, mutum na tsaye ta ɓangaren dama. Wajen sa riga hannun ciwon ake fara zurawa, wajen cirewa shi ne ƙarshe. Kuma dan Allah kar wanda ya ja ta ta wannan hannun ko ya ɗaga ta ta hammata, naman kafaɗar ya saki, ƙashin na iya zamewa daga gurbinsa, in ciwon kafaɗa ya shigo shi ke hana su atisayen gaba ɗaya. In tana zaune a tallafe shi da filo, kar a bar shi yana reto.

Dan Misfala:
Ku haɗa mata da ƙaho da man zaitun, wallahi wani maƙocinmu da shi ya miƙe.

Abu Hafsa, Madina:
Malam man zaitun a shafa ba laifi. Ƙaho kam sai an tambayi likitanta, masu irin jalɗarta yawanci ana ɗora su kan maganin tsinka jini kamar asfirin, tsaga kaɗan sai jini ya ƙi tsayawa.

Hajiya Inna:
'Yata ni kaina na yi wannan ciwo shekara huɗu da suka wuce, jikata ce ke rubuta min. Abin da ya fi min ciwo ba hannun ba ne, yadda kowa ke rige-rigen yi min abu kamar gawa. Rannan na ce a ba ni faranti da dabino bakwai, in ɗauka ɗaya ɗaya in sa a kwano. Ranar farko biyu na iya, gumi har ya jiƙa min ɗankwali. Yau ni ke dama kununa, ƙafar dai har yanzu da sanda. Carbin nan ki samo mata mai manyan 'ya'ya. Kukan kuma kar ku raina shi, in ta daina cin abinci ko ta daina kula mutane ku gaya wa likita, damuwa na bin wannan ciwo kuma tana da magani.

Maman Raihana:
Na gode ƙwarai, Hajiya kin sa ni kuka. Yaya Abu Hafsa to benen fa? Kuma tana yawan ƙwarewa in ta sha ruwa.

Abu Hafsa, Madina:
Ƙwarewar nan ta fi benen gaggawa, ruwa na iya bi ta hanyar numfashi ya jawo ciwon huhu. Gobe ki faɗa musu a asibiti a duba haɗiyarta, ko ki kira 937, layin ma'aikatar lafiya, yau ki yi bayani. Kafin nan ba ci ba sha a kwance, sai ta zauna sosai, kurɓa kaɗan kaɗan. Bene kuma mai gashinta ya fara gwada ta tukuna, in lokaci ya yi wajen hawa ƙafa mai lafiyar ce gaba, wajen sauka mai ciwon, sanda a hannun hagu. Ki roƙe shi ki ɗauki bidiyon atisayen a waya ku riƙa bi a gida. Maganin hawan jini da na suga kuma ke za ki riƙe shi a hannunki yanzu.

Maman Raihana:
In sha Allah. Yanzu na ajiye mata dabinon a gabanta, ta harare ni ta ce in fita in ba ta wuri. Kawu kuma na tura masa saƙon Baban Sadik, ya karanta bai ce komai ba tukuna.