Ƙaton ƙudan zuma a ƙarshen hunturu: me yake nema a ƙasa?

Mai Lambu:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. A makon farko na Maris, nan Ingila, sanyi bai gama sakin gari ba, da hantsi na ga wani ƙaton ƙudan zuma mai gashi, baƙi da ratsin rawaya biyu, yana shawagi dab da ƙasa, yana leƙa kowane rami a gindin shinge, ko kallon furanni bai yi ba. Me yake nema, kuma yaya yake iya tashi alhali yawancin ƙwari ba su fito ba?

Malama Mai Nazari:
Wa alaikumus salam. Bisa siffar da ka kawo, Malam, sarauniya ce ka gani, kuma na fi kyautata zaton Bombus terrestris ce, wato wani nau'in ƙaton ƙudan zuma mai gashi da Turawa ke kira bumblebee. Irin waɗannan ƙudaje, gidansu kan mutu kafin hunturu, sai sababbin sarauniyoyin da aka yi wa barbara su tona ƙasa su kwanta, kowace ita kaɗai, har yanayi ya sassauta. Leƙe-leƙen nan neman masauki ne, domin ta fi son tsohon ramin ɓera, inda za ta tarar da busasshiyar ciyawa ta yi ƙwai a kai. Batun sanyi kuwa, tana girgiza tsokar ƙirjinta ba tare da ta kaɗa fikafikai ba, har zafin ƙirjin ya kai kusan digiri 30 a ma'aunin Celsius, sannan ta tashi. Gashin nan kuma shi ke riƙe mata ɗumin.

Ɗan Kallo:
Bayanin Malama ya gamsar, sai dai a yi hattara da Bombylius major, wanda shi ma a Maris yake fitowa. Ƙuda ne zalla, ya ari kamannin ƙudan zuma, yana da dogon baki kamar allura da fikafikai biyu kacal, na ƙudan zuma kuwa huɗu ne. Bara ya ruɗe ni, na ja da baya don gudun harbi, ashe ko ƙari ba shi da shi. Idan wadda ka gani ta dawo ka ɗauki hoto ka sa a iNaturalist, dandalin intanet da ake tantance halittu ta hoto, tare da rana da wuri.

Mai Lambu:
Na gode ƙwarai. Wadda na gani ba ta da dogon baki, kuma ƙarshen cikinta ruwan ƙasa ne mai haske. Yau ta sake zuwa ramin nan har sau uku, saboda haka na fasa share ganyen da ya taru a bakinsa.