Neman kalma: wane ne "hydrologist" a bakin Bahaushe?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu fassara da masu aikin jarida. Ina so mu tsayar da magana a kan kalmomi biyu masu kama da juna, "hydrologist" da "hydrogeologist". Duk inda suka fito a labari, abin da muka saba yi shi ne mu ce "masanin ruwa" mu wuce. Hakan yana wadatarwa idan mutum ɗaya ne a labarin. Amma ranar da aka jera mutum biyar ko shida a kwamiti ɗaya, kowa da fannin da ya karanta, sai ka ga kalmar ta gaza.

Ku dubi Ƙungiyar Albarkatun Ruwa ta Duniya, wadda ake taƙaita sunanta da IWRA. An kafa ta a 1971, ta yi babban taronta na farko a Shikago a 1973. Shugabanta na farko shi ne Ven Te Chow, haifaffen ƙasar Sin, farfesa a Jami'ar Ilinoi ta Amurka. Injiniya ne. A 1959 ya fitar da littafi a kan yadda ruwa ke gudu a buɗaɗɗiyar hanya, irin magudanar da ake ginawa don noman rani, a 1964 kuma ya shirya babban kundi a kan wannan ilimin da muke nema wa suna. Cikin waɗanda suka hau kujerar bayansa akwai Asit Biswas, haifaffen Indiya, wanda ya samu kyautar ruwa ta Stockholm a 2006. Akwai kuma Gabriel Eckstein, farfesan shari'a a Jami'ar Teksas A&M, wanda ya fara da karatun kimiyyar duwatsu kafin ya zama lauya, ya kuma ƙware a kan dokokin ruwan ƙarƙashin ƙasa da ƙasashe ke tarayya a kansa. Kwamitin zartarwar irin wannan ƙungiya haka yake kasancewa: ga injiniya, ga lauya, ga masanin tattalin arziki, ga masanin muhalli, ga kuma waɗannan biyun da na ambata. Da gangan ake haɗa su, don babu fanni ɗaya da zai iya da sha'anin ruwa shi kaɗai. Idan mai fassara ya kira su duka "masana ruwa", ya shafe dalilin da ya sa aka tara su.

Mu ma a gida muna buƙatar kalmar. A Najeriya hukumomi biyu ne ke magana kafin damina. NiMet, wato hukumar kula da yanayi, ita ce ke faɗin yaushe ruwa zai sauka da yawansa, NIHSA kuma ita ke fitar da hasashen ambaliya na shekara. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET tun 1974, wadda ke wa ƙasashen Sahel irin wannan aiki. Sau da yawa a rediyo za ka ji an ce "masana yanayi sun yi gargaɗin ambaliya", alhali waɗanda suka yi gargaɗin ba masana yanayi ba ne. Masanin yanayi aikinsa yana sama, yana ƙarewa daidai inda ɗigon ruwa ya taɓa ƙasa. Daga nan ne mutumin da muke nema wa suna, wato "hydrologist", yake karɓa.

To me yake yi? Ruwan da ya sauka yake bi ya ga ina ya nufa. Nawa ne ya kwarara ya shiga ƙorama, daga ƙorama ya shiga gulbi? Nawa ƙasa ta shanye? Nawa rana ta ɗauke ya koma sama? Idan ka taɓa tsayawa a gindin babbar gada ka ga dogon allo mai lambobi a jikin ginshiƙi, ruwa ya rufe ƙasansa, to kayan aikinsa ne. Akwai wanda ke zuwa safe da yamma ya duba inda ruwa ya kai ya rubuta a littafi. Daga tsayin ruwan ake fitar da yawan da ke wucewa a kowace daƙiƙa, kuma da rubutun shekara da shekaru ake gane cewa idan ruwa ya kai lamba kaza a Lakwaja, inda Binuwai ya haɗu da Kwara, garuruwan da ke ƙasa su shirya.

Misalin da ya fi fito da aikin a fili shi ne na kogin Isa, wato Kwara, a Yamai. Sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko tana zuwa a tsakiyar damina, wajen Agusta da Satumba, ruwa jajir da laka, wanda ƙananan koguna irin su Sirba ke kawowa daga ɓangaren Burkina Faso. Ta biyu kuwa sai a cikin hunturu, wajen Disamba zuwa Janairu, lokacin da babu ko gajimare a sama. Ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini ne tun da damina, ya shiga babbar fadamar tsakiyar Mali ya bazu, ya yi watanni yana ratsawa a hankali, lakarsa ta kwanta, sannan ya iso. Wanda zai iya bayyana maka dalilin cikar kogi a cikin hunturu, ya kuma faɗa maka makon da za ta iso, shi ne mutuminmu.

Shawarata ita ce mu ce masanin kai-komon ruwa, ilimin kuma ilimin kai-komon ruwa. Ina sauraron ku.

*

Na gode da amsoshinku. Bari in bi su.

Hajiya, kin ce mu tsaya a kan "masanin kimiyyar ruwa" tunda an riga an fara jin sa. Gaskiya ne ana jin sa, kuma ba zan ce kuskure ba ne. Matsalarsa faɗi. Wanda ke zaune a ɗakin gwaji yana duba ko ruwan famfo yana da ƙwayoyin cuta ko gubar dalma shi ma kimiyyar ruwa yake yi. A kwamitin da ya ƙunshi shi da wancan, mun koma inda muka fito. Ni da zan ba da shawara, a bar wannan ta zama inuwar da kowa zai shiga, sannan kowane fanni ya samu nasa sunan a ƙarƙashinta.

Wanda ya kawo "masanin albarkatun ruwa" ma amsar ɗaya ce, da ɗan ƙari. Kunnen Bahaushe ya saba da albarkatun ƙasa, wato abin da ake samu daga ƙasa. Idan ya bi wannan awo, albarkatun ruwa kifi ne da sauran abin da masunta ke kamowa. Sunan ya riga ya zauna a kan ma'aikatu da cibiyoyi, irin Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna, ba na neman a taɓa shi. Amma kada mu ƙara ɗora masa kayan da ba nasa ba.

Allah ya gafarta Malam, "ma'aunin ruwa" da ka kawo ta tsaya mini a rai, don ta fi duk sauran gajarta, kuma tana kan ƙa'idar harshe: manomi, maɗinki, ma'auni. Awo kuwa shi ne rabin aikin mutumin. Abin da ya hana ni karɓa rubutu ne. A baki, karin sauti yana raba ma'auni mutum, irin mai awon hatsi a kasuwa, da ma'auni abin awo. A rubutun boko ba ma sa alamar karin sauti, saboda haka duk wanda ya karanta "ma'aunin ruwa ya ce kogi zai cika" zai ɗauka na'ura ake nufi. Kuma muna buƙatar wannan kalmar don allon nan na gindin gada da gwangwanin awon ruwan sama. Ina ganin a bar musu ita. Idan Malam yana da wata hanyar da za a raba su a rubuce, a shirye nake in saurara.

"Mai lissafin ruwa" ba za ta yi ba. Inda aka ce kuɗin ruwa ana nufin abin da banki ke ɗorawa a kan bashi, lissafin ruwa can zai ja hankalin mai karatu, ko kuma ya ɗauka ma'aikacin da ke kawo takardar kuɗin famfo ne.

Ƙanena da ya ce mu ari kalmar kawai mu ce "haidirolojis", kamar yadda muka ari injiniya da likita da lauya: ka kawo hujja mai ƙarfi, ka cancanci cikakkiyar amsa. Waɗancan kalmomin sun shiga Hausa ne saboda mutane sun ga masu su ido da ido. An je asibiti an ga likita, an shiga kotu an ga lauya, an ga injiniya a bakin titi yana aiki. Aikin ne ya koya wa mutane ma'anar sunan. Shi wannan mutumin manomin fadama ba ya ganinsa. Sunansa kawai yake ji a rediyo, kuma a ranar da ake gaya masa ya kwashe iyalinsa daga bakin gulbi. A irin wannan rana ina so sunan ya faɗa wa mai sauraro abin da mutumin ya sani, don ya yarda da gargaɗin. Ban da haka, idan muka ari wannan dole mu ari ɗan'uwansa, sai ya zama muna da "haidirolojis" da "haidirojiyolojis", waɗanda ko mai karanta labarai sai ya yi da gaske kafin ya raba su a baki.

*

Saura manyan 'yan takara biyu da suka fi samun goyon baya, "masanin tafiyar ruwa" da "masanin zagayen ruwa".

Tafiyar ruwa tana da daɗin faɗi. Sai dai mutumin Yawuri ko na bakin tafkin Cadi idan ya ji ta, tafiya a kwalekwale zai fara tunawa. Kuma tafiya gaba kawai take nufa, ta dace da kogi, ba ta ɗauki ruwan da ke nutsewa ƙasa ko wanda ke tashi sama ba.

Zagayen ruwa kuwa daidai take da hoton nan na littafin makaranta, inda kibiya ke tashi daga teku zuwa gajimare, ta sauko kan dutse, ta koma teku. Ina goyon bayan a riƙe ta don wannan hoton. Amma aikin yau da kullum na mutumin ya fi kusa da hawa da sauka, da cika da janyewa, da zuwa da komawa. Kai-komo ta ƙunshi duk wannan, kuma kalma ce da babu Bahaushen da zai nemi a fassara masa. Yaya, ka ce ana amfani da ita wajen zirga-zirgar mutane da jeka-ka-dawo a kan wata magana. Haka ne, amma da zarar an ce "na ruwa" babu sauran ruɗani, kamar yadda ba a ruɗewa idan aka ce hawan jini duk da akwai hawan sallah.

Masu cewa ta yi tsawo, kalma uku ce, daidai da masanin tattalin arziki, wanda muke faɗa kullum ba tare da ƙorafi ba. Jam'i masana kai-komon ruwa, mace masaniyar kai-komon ruwa. Ku gwada ta a jimla: "Masana kai-komon ruwa sun ce Binuwai zai cika ya batse idan aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru." NIHSA kuma sai ta zama Hukumar Lura da Kai-komon Ruwa ta Najeriya.

*

Kalma ta biyu, wato "hydrogeologist", ba ta ba mu wahala ba, kusan kowa ya yarda da masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Wani ya nemi a gajarta zuwa "masanin ruwan ƙasa". Kada a yi. Ruwan ƙasa launi ne a Hausa, an riga an ba shi wannan wurin. A bar "ƙarƙashin" ko da ta ƙara tsawo.

Shi wannan mutumin duwatsu da yashi da yumɓu ya karanta. Shi ke faɗin inda za a haƙa rijiyar burtsatse a samu ruwa, da zurfin da za a kai, da yawan da za a iya zuƙa ba tare da an ƙafar da rijiyoyin maƙwabta ba. Shi ya san dalilin da ya sa a wasu sassan Borno ake huda ƙasa ruwa ya fito da kansa ba famfo, alhali a yankunan da ke kan dutse, kamar yawancin ƙasar Kano da Zariya, sai an dace da tsaga a jikin dutsen ko wurin da ya ruɓe. Kuma ruwan da yake nazari ba ya tsayawa a kan iyaka. Na ƙarƙashin yankin Iullemmeden, Mali da Nijar da Najeriya duk suna sha daga gare shi, shi ya sa ake buƙatar lauya a teburi ɗaya da shi.

Inda aikin mutanen biyu ya haɗu, ku dubi fadamar Haɗeja da Nguru. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, malalar ruwan da ke rufe fadamar kowace damina ta ragu, ruwa ya koma zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara, ciyawar kacala ta samu wuri ta toshe hanyoyi. Wannan bayanin masanin kai-komon ruwa ne. Amma malalar nan ita ce ke nutsewa ta ciyar da ruwan da rijiyoyin ƙauyukan yankin ke sha, kuma wannan bayanin masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa ne. Wanda ya zana madatsar da ƙofofinta shi ne injiniyan ruwa, sunan da ya riga ya zauna, babu mai jayayya a kansa. Mutum uku, aiki uku, kogi ɗaya, kuma yanzu za mu iya rubuta labarin Haɗeja mai karatu ya san wa ya faɗi me.

Abin da ya rage shi ne "aquifer", wato shimfiɗar yashi ko dutse mai riƙe ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Ni "makwancin ruwa" nake so, wasu sun ce "taskar ruwa". Kafin mu yanke, ina roƙon duk wanda ke da mai haƙar rijiya a unguwarsu, musamman dattawan da suka yi aikin da hannu, ya tambaye shi abin da suke cewa idan sun isa yashin da ruwa ke tsattsafowa, ya kawo mana a nan tare da sunan garin.