Daidai ruwa, daidai tsaki: wa ya kamata a faɗa wa?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Jiya na je wajen kawuna neman rancen naira dubu 400 in cika kayan lefe, biki saura wata biyu. Ya saurare ni har na kai aya, sai ya ce, "Ɗana, daidai ruwa daidai tsaki," ya ci gaba da jan carbinsa. Na dai gane babu ce. Amma wane tsaki ake nufi? Ni na ɗauka wanda mutum ke ja ne in ransa ya ɓaci. To ina ruwa ya shigo?

Uwar Biyu:
Kai Ɗan Fagge, daga ji ba ka taɓa tsayawa kusa da turmi ba. Tsaki shi ne ɓarzajjen hatsin da ke saura a rariya bayan an tankaɗe gari, wanda ake fate ko dambu da shi, ko a watsa wa kaji. Furucinsa ma daban yake da na jan tsaki. Mace in za ta yi fate, sai ta dubi tsakin da ke kwanonta kafin ta ɗora sanwa. Ruwa ya yi yawa, fate ya tsinke. Ya yi kaɗan, ya cure ya kama tukunya. Kawu cewa yake ka leƙa aljihunka kafin ka ɗora tukunyar biki. Akwati nawa ka shirya kaiwa tukuna?

Ɗan Fagge:
Shida, Yaya, har da kit.

Uwar Biyu:
To ai kawu ya yi maka da sauƙi.

Malamin Firamare:
Ma'anar da Hajiya ta bayar ba ni da ja a kanta. Amma ni wannan karin magana ta fara gundurata, saboda bakin da take fitowa daga ciki. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dubu 30 zuwa dubu 70 a Yulin 2024, alhali buhun shinkafa ya riga ya wuce nan. A Kano har afafata mutane suka koma saye, ɓarɓashin shinkafar da a da abincin kifi ce. Mai cin afafata za ka kalla ka ce masa daidai ruwa daidai tsaki? Me ya rage ya rage?

Baba Na Ƙofar Mata:
Malam, ka yi haƙuri in sa baki, na girme ka da 'yan shekaru. Ina ƙaramin ma'aikaci aka biya kuɗin Udoji zamanin Gowon, ƙarin albashi har da ariyas a dunƙule. Wallahi kamar an buɗe mana ƙofar kasuwa aka ce ku kwasa. Wannan ya sayi babur, wancan rediyo mai kaset, wani ya ƙara aure. 'Yan kasuwa kuwa suna jin an biya suka ƙara farashi, har wanda bai ga ko kwabon Udoji ba ya biya. Ni kaina babur na saya, mahaifina ya ce in sayi fili, na ga kamar tsohon bai waye ba. Shagari ya zo da tsuke bakin aljihu a 1982, aka shiga layin madara da sabulu, Babangida ya kawo SAP, shirin gyaran tattalin arziki, a 1986, babur ya daɗe da zama ƙarfen jari bola. Filin kuwa yanzu unguwa ce guda. Abin da nake nufi, ɗana, ita wannan magana ranar samu aka yi ta domin ta. Ranar rashi ba ka buƙatar mai tuna maka, tukunya za ta faɗa maka.

Malamin Firamare:
To Baba, ai mun zo wuri ɗaya ke nan. Mai samu za a faɗa wa. Amma ku lura da abin da ke faruwa a gidajen da ake hannu baka hannu ƙwarya. Uwa ta san ƙa'idar fate sarai, da gangan take karya ta. Tsaki gwangwani biyu, yara bakwai, sai ta ƙara ruwa don ya zagaya kowa. Kunun da ake dama wa yara yanzu, kana iya ganin gindin kofi. Wannan ba rashin sanin daidai ba ne, dabara ce ta hana yaro kuka. In ta bi karin maganar yadda take, uku ne za su ci, huɗu su kwana haka.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga manya. A wajenmu na fi jin "daidai ruwa daidai gari", manufa guda ce. Mu abin da tsofaffi sunka fi matsa muna shi ne rumbun tsimi: da kaka ka ware damman da ba a taɓawa sai bazara ta yi tsanani. Wanda ya ga yunwar 2005 a Nijar bai buƙatar wa'azi, mutane har anza sunka ci. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da CEDEAO, wato ƙungiyar ECOWAS, ta sa takunkumi aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta, tiyar hatsi da shinkafa ta yi tsada, mun ga bambancin gida mai tsimi da marar shi. Sai dai gaskiyar Malam ce, wanda gonarsa ba ta kai shi wata huɗu ba, me zai sa a rumbun?

Uwar Biyu:
Ni fa kada a fake da talauci a wanke kowa. Unguwarmu ba ta masu kuɗi ba ce, amma ku zo ku ga biki. Kamu da ankonsa, dina da nata, yinin biki da nasa. Mace ta kwashi adashen da ta yi niyyar jarin ƙosai ta kai wa tela, don kada a ce ba ta fito ba. Uban amarya ya ci bashin kayan ɗaki da gara, amarya ta yi suna bai gama biya ba. Na san wadda ta sayar da tunkiyarta saboda leshin kwana ɗaya. Wannan gwamnati ce ta sa ta? Kallon kitse muke yi wa rogo a waya, mu ga bikin 'ya'yan manya mu ce sai mun yi irinsa.

Mai Shago:
Hajiya, littafin bashina shaida ne a kan ku duka biyun. Akwai mai karɓar garin kwaki rabin kwano, yana sunkuyar da kai. Akwai mai zuwa da sabuwar shadda ya ce in rubuta masa lemon kwalba katan biyu zai yi baƙi. In na yi magana ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Na farkon ban taɓa yi masa karin magana ba, kunya ma ba za ta bar ni ba.

Baba Na Ƙofar Mata:
Sai dai a kula, marowaci ma yana son wannan magana ƙwarai. Mutum da tsaki buhu guda, ya ɗora ruwan shayi, iyali na hamma, ya ce tattali yake. Ai daidai aka ce sau biyu. Alƙur'ani ma da ya hana shimfiɗa hannu gaba ɗaya, a aya guda ya hana ƙuƙunce shi a wuya.

Ɗan Fagge:
Baba, kawuna fa yana da shago biyu a Kantin Kwari. A wane layi zan sa shi?

Uwar Biyu:
Tsakinsa ne, ba naka ba. Kai dai rage akwati.

Ɗan Fagge:
Na mayar da su uku, na aika a shaida wa gidan su yarinyar. Ita ta ce ba komai. Gwaggonta ce aka ce da ta ji ta ja tsaki, irin wancan na farko da na ce muku. Yaya Uwar Biyu, ko za ki shiga cikin masu kai lefen ranar Asabar?