Tambaya: ko wake mai gashi zai yi a fadamar Sakkwato?

Mai Fadama, Kware

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana a kan wani tsiro dangin wake, Vicia villosa, wanda ake rubuta hairy vetch a jikin buhun irinsa. Kara da ganyensa gashi-gashi ne, furensa shunayya. Ana ta yaba shi cewa yana rufe ƙasa, ya danne ciyawa, ya bar taki, dabbobi kuma su ci. Gonar rabin hekta ce a gefen Rima, ƙasar mai yashi-yashi, akwai injin ban-ruwa. Yaushe ake shuka shi, kilo nawa, zai yi da damina a tsakanin gero, kuma ba ya cutar da shanu da tumaki?

Malamin Gona

Wa alaikumus salam Alhaji. Maganar damina a cire ta tun yanzu. Asalin tsiron nan daga Turai da yammacin Asiya yake, kuma sanyi yake so. A Amurka, inda aka fi amfani da shi don rufe gona, da kaka ake shuka shi, ya kwanta ƙarƙashin ƙanƙara, sai wajen Afrilu da Mayu ya yi wuf ya tashi. Zafi da laimar Yuli da Agusta a nan za su sa ya tsaya cak, ciyawa ta haye shi.

Lokaci ɗaya tak muke da shi, wato hunturu, kuma da ban-ruwa. Kamar alkama za ka bi da shi: shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, sa'ad da dare ya fara sanyi. A nan matsalar take. Makonni 5 zuwa 6 na farko kusan ba ya motsi a sama, saiwa yake ginawa. Lokacin da zai fara yaɗo sosai Fabrairu ta kusa ƙarewa, daga Maris kuwa zafin Sakkwato kan haura digiri 40. Ke nan kwana 100 ko ɗan fiye gare ka, alhali can wata 6 zuwa 7 yake yi a gona. Takin da ake ambata, kilo 100 ko fiye na naitirojin a hekta, kwatankwacin buhun yuriya 4 da ɗoriya, lissafin can ne. Kada ka ɗora kasafinka a kansa.

Idan gwaji za ka yi, ga yadda ya kamata. Ware fili mita 10 sau 10. Idan layi-layi ne, kilo 20 a hekta, wato giram 200 ga wannan filin, tazarar layi santimita 20 zuwa 25. Idan watsawa ne, kilo 30 zuwa 40 a hekta, a ja manjagara a rufe. Zurfi santimita 2 zuwa 3. Irin da aka bari a sarari iskar hunturu ke busar da shi kafin ya tsiro. A sa takin sufa buhu 3 zuwa 4 a hekta lokacin gyaran ƙasa, yuriya kuwa a bar ta, don tana sa shi lalaci wajen yin nasa takin. Karansa ba ya tsayuwa da kansa, yakan kai mita 1 zuwa 2 yana jan ƙasa, ganyen ƙasa ya ruɓe. Shi ya sa ake haɗa shi da alkama ko sha'ir ya samu abin hawa. Ruwa kowane kwana 5 zuwa 7 a ƙasa mai yashi, amma kada ya kwanta a kwami, saiwarsa ba ta jure wannan.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne ƙwayoyin halittar da ke zama a saiwa su jawo naitirojin daga iska. Nasa daban ne da na wake da gyaɗa da ƙasarmu ta saba da su, kuma garin ƙwayoyin da ake sayarwa don waken suya ba ya masa aiki. Sai wanda aka yi don fis da adas (peas da lentils). A jiƙa irin da ruwan ƙaro ko na sukari, a barbaɗa garin a inuwa, a shuka a ranar. Bayan mako 6 ka tone guda biyar, ka fasa ƙulullukan saiwar da farce. Ja-ja a ciki, aiki na tafiya. Fari ko babu su sam, to takin gonarka yake ci, ba ya ƙara komai.

Likitan Dabbobi, Mabera

Malam ya gama da ɓangaren noma, bari in taɓa na dabba, don a nan ne hasarar ke da nauyi. Ganyen yana da gina jiki ƙwarai, furotin ɗinsa kan kai kashi 20 cikin 100 ko fiye idan an yanka kafin fure ya cika. Amma akwai sananniyar cuta da yake sa wa shanu da dawaki idan sun ɗauki makonni suna kiwo a inda shi ne ya fi yawa. Wani irin borin jini ne mai tsanani. Fatar kai da wuya da gindin wutsiya da hantsa ta yi kauri, gashi ya zube, dabba ta dinga susa a jikin icce, ido ya yi ja yana hawaye, ga zawo, ga rama, nono ya ragu. A ciki kuma ƙulli-ƙulli ne ke fita a ƙoda da zuciya da hanta. Ba duka garke ke kamuwa ba, amma da yawa daga waɗanda suka kamu ba sa tashi, kuma babu allurar da ke karya shi. An fi ganinsa a manyan shanu da suka wuce shekara 3, musamman shanun Turai irin su Holstein da Angus, don haka mai shanun madara 'yan haɗi ya fi kowa buƙatar kula.

Haɗarin a wajenmu shi ne kamar da yake yi da kirci. Makiyayi zai yi ta shafa magani da allura alhali dabbar na ci gaba da cin abin da ke kashe ta. Da an ga susa, a janye abincin nan take.

Ƙwayar irin ma ba abinci ba ce, akwai guba a cikinta, kada a watsa wa kaji ko a niƙa da dusa. A yanka kafin ya yi kwanso, a shanya, a gauraya da kara ko ciyawa ya zama ɗan kaso ne kawai na abincin.

Mai Fadama, Kware

Allah ya saka da alheri Malam, na gode Likita. To idan buƙatar ita ce rufe ƙasa da samun harawa, me ya fi dacewa?

Ɗan Wurno

Alhaji, ni a ganina ko gwajin ma ba shi da riba. Fadama da hunturu wurin albasa ne da tafarnuwa da alkama. Man da za ka zuba wa inji wata uku don ciyawa, wa zai biya shi?

Lablab ka nema, shi ma dangin wake ne da ake nomawa don harawa. Yana son zafi, saiwarsa na nitsewa, yana zama kore bayan harawar wake ta bushe. Iri biyu aka fi sani: Rongai mai farin fure, mai jinkiri da yawan ganye, da Highworth mai fure shunayya da baƙin iri, wanda ya fi saurin nuna. Kilo 15 zuwa 20 a hekta, zurfi santimita 3 zuwa 5, ƙwaya biyu a rami. Idan cikin gero ko dawa ne, a jira hatsin ya yi mako 4 zuwa 5 kafin a soka shi, in ba haka ba ya nannaɗe karan ya kwantar. A yanka da fara fure, a ɗaure dami tun da sauran laushi, don ganyen ne ke da amfanin kuma shi ke fara kakkaɓewa. Ɗanyensa kada a ba dabba mai yunwa shi kaɗai, yana kumbura ciki. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta daɗe tana aiki a kansa. Waken rani ma yana yi bayan an cire albasa, ka samu ƙwaya ka samu harawa. Sai dai shinge, don akuyoyin gari ba su san wata gonar gwaji ba.

Malamin Gona

Na yarda da Ɗan Wurno a kan lablab. Ƙari ɗaya: ba wai wake mai gashi ba ya yi a Afirka ba ne. A tsaunukan Habasha ana noma wani reshensa mai kwanso gashi-gashi don ciyar da shanu, domin tudu ne mai sanyi. A Najeriya, Jos da Mambila sun fi mu kama da can.

Alhaji, idan duk da haka za ka gwada, abu biyu. Shigo da iri daga waje sai da izinin hukumar killace kayan gona ta tarayya. Na biyu, wani kaso na irin yana da taurin ɓawo, yakan kwana a ƙasa ya tsiro wata shekarar, kuma ƙwayarsa baƙa ce mai wuyar tsincewa daga alkama a masussuka. Saboda haka a sare shi dab da ƙasa idan fure ya bayyana sosai, kafin kwanso. Wanda aka sare da wuri yakan sake toho. A bar shi shimfiɗe mako 2 zuwa 3 kafin a dasa tumatir ko tattasai a cikinsa.