Katifa ɗaya, ra'ayi biyu: a ba ni shawara

Assalamu alaikum jama'a. Wata uku ke nan ni da maigida muna ja-in-ja kan katifa. Shi rigingine yake kwana, kuma ciwon baya ya sa sai mai tauri kamar tabarma a kan siminti. Ni kuwa a gefe nake kwanciya, duk asuba sai na tashi kafaɗata ta yi tsami, hannu ya mutu.

Na ji labarin katifar latas, wadda ake yi da ƙaron itacen roba. Murfinta na da zif, ana jera shimfiɗu a ciki, kowa da taurin ɓangarensa. An ce samfurin Dunlop ya fi nauyi da tauri, Talalay ya fi laushi. Akwai kuma mai haɗi, sifirin a ƙasa, kowanne cikin aljihunsa, latas a sama. Ita hankalina ya fi kwanciya da ita, don idan ya juya ba za ta girgiza ni ba, ga iska na ratsa ta, kun dai san zafin Afrilu in ba wuta.

Inda na maƙale: mahaɗar tsakiya, ana jin ta idan an kwanta a kai? Ba na son rami ya raba mu. Sannan gadonmu ƙafa 6 ne da 6, inci 72 ke nan, amma babbar katifar Amurka inci 76 ce da 80. A yanka latas ɗin, ko a kira kafinta?

Don Allah wanda ya taɓa amfani da ɗayansu ya taimaka mini.