Kwashe hotunan kyamara da waya kaɗai: wa ya taɓa gwadawa?

Mai ɗaukar hoto, Aboabo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwamfutata ta mutu tun makon jiya, mai gyara ya ce kuɗin tashinta ya kusa na sabuwa. Ga shi ranar Lahadi ina da aure a Sawaba, nan Kumasi, katunan kyamarata biyu kuma cike suke da hotunan wani suna da na ɗauka a Tafo, ban ba masu su ba. Wanda ya taɓa kwashe kati da waya kaɗai ya gaya mini abin da ya gani, da daɗin da rashin daɗin.

Mai sayar da kayan waya, PZ

Wa alaikumus salam. Ƙanena, wannan ba abin da zai hana ka barci ba ne. Ɗan kadrida kake buƙata, bai kai akwatin ashana ba: ka zura katin kyamara ta gefe ɗaya, ɗaya gefen ka cusa a bakin cajin waya, shi ke nan wayar ta zama kwamfutar. OTG ake ce wa dabarar, kuma tun 2001 aka fito da ita, mu ne dai muka daɗe muna zaton bakin caji na caji ne kawai.

Kafin ka miƙa kuɗi ka duba bakin wayarka, Type-C ne ko tsohon nan mai shiga ta fuska ɗaya. Ka duba kuma ko kadridan yana cin babban katin SD, don da yawa ƙaramin memorin waya kaɗai suke ɗauka. Sannan wasu wayoyin sai ka shiga saiti ka kunna OTG da hannunka, in ya yi minti goma ba a taɓa shi ba ya kashe kansa. Ban san adadin waɗanda suka dawo mini suna cika suna batsewa ba, wai na sayar musu da mataccen kaya. In na kunna musu a gabansu sai ka ga mutum yana sosa ƙeya.

Malamin makarantar allo, Asawase

Ɗana, ni nawa labarin na kuka ne, amma gara ka ji shi. Bara da azumi na ɗauki tafsirin malaminmu da waya, dare ashirin da bakwai, ban tsallake ko ɗaya ba. Da wayar ta cika sai na sayi filashi mai kai biyu, irin wanda yara ke ce wa pendiraif, a hannun wani yaro mai talla a faranti kusa da Kejetia. An rubuta 128GB a jikinsa, kuɗin kuma bai kai rabin na shago ba. Na ce yau na yi tsintuwa.

Na dawo gida na juye komai a ciki, na ga sunayen sun jeru reras, dare na ɗaya har na ƙarshe, sai na goge na wayar don in samu wuri. Bayan Sallah wani dattijo ya roƙe ni daren da aka karanta Suratu Yusuf. Na danna, shiru. Na danna na gaba, wayar ta ce ba ta san wannan fayil ba. Na zauna a kan tabarma ina bin su ɗaya bayan ɗaya tun azahar har aka kira la'asar. Biyar na farko ne kawai suka yi magana. Sauran suna ne ba rai, kamar buhun da aka ɗinke bakinsa babu hatsi a ciki. Malamin kuma bana bai zauna tafsiri ba, jiki ya ƙi.

Mai sayar da kayan waya, PZ

Allah ya mayar da alheri, Malam, ya ba malaminku lafiya. Jabu aka ba ka. Ƙaramin filashi ne, wataƙila 8GB ko ƙasa, aka koya masa ƙarya yana ce wa waya shi 128 ne. Da zarar ainihin cikinsa ya cika, abin da ka ƙara ko dai ya bi iska ko ya hau kan na farko ya danne, amma jerin sunayen yana nan daram, shi ya sa ba ka gane ba. Ni in zan gwada sabon kaya, manyan bidiyoyi nake loda masa har ya kusa cika, in zare, in sake cusawa, in buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Jabu ba ya tsallake wannan.

Mai ɗaukar bidiyon biki, Nima

Gaisuwa daga Ankara, babban birnin Ghana. Abokin sana'a, in hoto kaɗai kake yi da sauƙi, amma ranar da ka haɗa da bidiyo za ka ci karo da katangar 4GB. Ni a wajen wani walima ta same ni. Uwar amarya tana tsaye a kaina da mayafi a kafaɗa, motar Tamale na jiranta, bidiyon 6GB ne, filashin kuma sabo fil, 32GB, ba komai a ciki, amma waya ta kafe wai fayil ɗin ba zai shiga ba. Na zare na hura, na goge bakin da riga, a banza. Ashe ba wuri ne ya rasa ba, tsarin da aka yi masa ne. FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai 4GB, komai faɗin cikinsa. Sai an yi masa fomat zuwa exFAT, fomat kuwa share komai yake yi, don haka tun yana sabo ake yi. Katin SD da ya wuce 32GB dama da exFAT yake zuwa, sai dai wasu tsofaffin wayoyi ba sa gane shi, ka gwada taka tun yau. Matar nan dai sai a mota na aika mata washegari.

Kada kuma ka ce za ka haɗa babban hadis mai juyawa, wato ma'ajiyar fayil irin ta kwamfuta, kai tsaye da waya. Nawa sai ya riƙa ƙas, ƙas, ƙas, fitilarsa na kyaftawa, bai tashi ba. Wutar da waya ke bayarwa ba ta isarsa. Ko kadridan ma batirin wayarka yake sha, ka cika ta kafin dumsor, wato ɗauke wuta, ya yi maka sallama.

Direban trotro (motar haya), hanyar Tafo

Ni kuwa wannan exFAT ɗin ne ya hana ni jin karatu a mota kwana uku. Yarona ya yi wa filashina fomat da shi, rediyon mota ya ce bai san zancen ba, sai da aka mayar da shi FAT32. Yanzu na mota daban, ba mai taɓa shi.

Mai kwalliyar amare, Yalwa

Yaya, ka tuna da mu masu iPhone, don rabin amaren da za ka ba hotuna ita suke riƙewa. Daga iPhone 15 da ta fito a 2023 bakin ya koma Type-C, kadridan da za ka saya zai shiga. Na baya kuwa Lightning ne, sai da nasu mahaɗin, wani filashin ma sai ka haɗa da caja kafin ya tashi. In ya shiga, a manhajar Files ake ganinsa, ba cikin hotuna ba. Na yi kusan wata ina cewa nawa ya lalace.

Don Allah kuma ku daina turo mana aiki ta WhatsApp a matsayin hoto. Matse shi yake yi. Na ɓata awa biyu a kan girar amarya, hoton ya iso kamar an shafa masa man kaɗe. In dole ne, a turo shi a matsayin dokumen. Xender kuwa tana yi mini tsakanin Android da Android, amma hoto ɗari biyar a tsakiyar gidan biki, ana kira ana katse ki, ban ƙara ba.

Ɗalibi, Ayigya

Yaya, in wayarka ba ta da wuri, nemi ɗan hob mai ramin kati da ramin filashi tare. Ka cusa duka biyun, ka kwafa daga kati zuwa filashi kai tsaye, wayar dillali ce kawai, ba sai kayan sun kwana a wurinta ba. Akwai mai ramin caji ma, kana aiki tana shan wuta. Hotunan suna cikin folda mai suna DCIM. In kana ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, wata wayar ba za ta nuna maka su a galari ba, kada gabanka ya faɗi, suna nan. Kuma yawancin ƙananan wayoyi bakinsu USB 2.0 ne ko da siffar Type-C ce, saboda haka ka samu abin yi, zai ɗauki lokaci. Ka danna kwafa, ba matsarwa ba, in ya gama ka cire shi ta saiti kafin ka zare.

Mai ɗaukar hoto, Aboabo

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya na shiga Adum na sayi hob ɗin da filashi biyu, na sa mai shagon ya bar ni na gwada a gabansa. Bai so ba, amma na ce Malam na Asawase ne ya aiko ni. Da daddare na jingina wayar da kofin shayi, na kwafe katin farko, hoto 640. Har na idar da isha'i na ci tuwo bai gama ba, wayar ta yi zafi kamar dutsen guga, amma da na ƙirga sun cika, na buɗe na farko da na ƙarshe duk lafiya. Na sake kwafa a filashi na biyu kafin na yi wa katin fomat a cikin kyamara.

Kati na biyun ne ya ba ni tsoro, ya tsaya a rabi. Ashe ƙaramar 'yata ce ta ja wayar tana neman katun, fim ɗin yara. Shi ban goge shi ba tukuna, yau da dare zan sake, bayan ta yi barci.

Malam, in filashin nan yana hannunka, kada ka yar. Ka kawo mini bayan Juma'a in kwashe maka biyar ɗin da suka tsira.