Wane babban babur zan saya don doguwar tafiya? Ku ba ni shawara

Ɗan Fagge a Maryland: Salam 'yan uwa. Shekara uku kenan ina tara kuɗi don in sayi babban babur na tafiye-tafiye irin masu akwatuna ɗin nan, kuma burina in riƙa ɗaukar uwargida muna fita lokacin bazara. Tsakanin Street Glide da Road Glide na kamfanin Harley-Davidson na rasa wanda zan ɗauka, wani abokin aikina kuma yana ta ce min in sayi na kamfanin Indian na Amurka. Gaskiya ban taɓa hawan abin da ya wuce Boxer ɗin da na yi shekaru ina hawa a Kano ba. Waɗanda suka sani don Allah ku taimaka.

Mai Road Glide: Wa alaikumussalam, Allah ya sa alheri. Su biyun inji ɗaya ne Milwaukee-Eight, tanki ɗaya galan 6 wato kusan lita 23, akwatunan gefe ma ɗaya, bambancin yana gaba ne wajen garkuwar da ke tare iska. Ta Street Glide a jikin kan babur take, in ka juya hannu da ita kake juyawa, ita kuwa ta Road Glide a jikin gangar babur aka ɗaure ta ba ruwanta da hannunka. To inda za ka ji abin shi ne kan babbar hanya in tirela ta wuce ka da gudu, iskar nan da take bugowa a Road Glide gangar jiki ce ke shanye ta hannunka yana nan daram, shi ya sa ni na zaɓe shi don daga Houston nake zuwa Dallas kusan duk wata kuma tireloli ba sa ƙarewa a I-45. Ina yin mil 200 kafin in fara neman gidan mai.

Alhaji na Bronx: Ƙanena tsaya tukuna. Ka ce da iyali za ka riƙa tafiya ko? To duka biyun da ka ambata haka suke zuwa ba akwatin baya ba majingina, sai ka saya ka ƙara. Wanda aka yi don mutum biyu shi ne irin Ultra Limited ko Road Glide Limited, ko Roadmaster na Indian, su ne masu babban akwati a baya da wurin jingina kamar kujerar falo. Amma nauyinsu ya haura kilo 400, Boxer ɗinka kuwa bai kai 130 ba, ka ga ai ba wasa ba ne.

Maman 'yan biyu: Alhaji ya faɗi gaskiya wallahi, ni da nake zama a baya bari in faɗa maka. Babur ɗin maigidana na farko ba shi da majingina, awa ɗaya kawai bayana ya riƙe, kullum ina rungume da shi ina tsoron in ya ja giya zan zame. Da ya canza zuwa Roadmaster har gyangyaɗi nake yi, kujerar tana da hita, safiyar da muka tashi da sanyi muka bi Skyline Drive hazo ya rufe duwatsu ban ji komai ba sai a yatsun ƙafa. Ka tafi da ita shagon ta hau ta zauna da kanta kafin ka biya ko sisi, kuma ta gwada hular kwano a kan ɗankwalin da za ta riƙa sawa don girman yana canzawa.

Ɗan Fagge a Maryland: Hajiya na gode sosai, wannan ta hular ko kaɗan ban yi tunaninta ba.

Bakanike Zinder: Ni dai in ana maganar tafiya da mutum biyu Gold Wing nake cewa. Na san za a ce ai na Japan ne, to amma Honda sun yi shekara kusan 30 suna haɗa shi a Marysville ta jihar Ohio kafin su mayar da aikin Japan, don hanyoyin Amurka aka yi shi. Silinda 6 ne a kwance, cc 1833, nauyin yana ƙasa-ƙasa shi ya sa ba ya rinjayar mutum kamar yadda girmansa ya nuna, yana da lagireto, sannan akwai mai giya otomatik DCT ba ruwanka da kulochi a cunkoso. Abin da ya fi burge ni yana da ribas, duk wanda ya taɓa faka babur mai kilo 400 hanci ƙasa a gangara ya san darajar wannan.

Mai Road Glide: Ba musu Gold Wing lafiyayye ne, amma ƙarar V-twin, injin silinda biyu irin na Harley, da yadda yake bugawa a ƙarƙashinka fa daban ne malam, wasunmu don ita muka saya. Kuma dilolin Harley suna da yawa a faɗin ƙasar, in wani abu ya same ka a hanya ba za ka rasa kayan gyara ba.

Bakanike Zinder: Haka ne. Sai dai ya sani duk babban inji da iska ke sanyaya shi, ko na wane kamfani ne, in ka tsaya a cunkoso watan Yuli cinyarka za ta ji zafi. Shi ya sa suka sa dabarar kashe silindar baya in babur yana tsaye. In yana son V-twin da ruwa ke sanyaya shi ya duba Indian Challenger, tun 2020 yake kasuwa da injin PowerPlus. Batun sabis kuma Harley mai uku ake zuba masa, na inji daban na giya daban na firamare (akwatin sarƙar da ke haɗa inji da giya) daban, ana canza baƙin mai duk mil 5,000. Bel ne ke jan tayar baya ba sarƙa ba, ba shafa mai ba ɗaurewa kullum.

Alhaji na Bronx: Bari in ƙara abu ɗaya don ya faru da ni. Satina na biyu da babur na shiga wani gidan mai, akwai tsakuwa a bakin shiga, ina tafiya a hankali kan babur a karkace na damƙi birkin gaba, kafin in ankara ya kwanta, ba abin da ƙafata ta iya yi. Wani dattijo Bature ne ya zo ya nuna min yadda ake ɗagawa, ka juya masa baya ka sa ƙugunka a kujera, hannu ɗaya a kan babur ɗaya a ƙarfen baya, ka riƙa turawa da ƙafafu kaɗan-kaɗan. Waɗannan baburan a kan gudu ba su da wuya, wuyar tana wajen juyawa a fili da tsayawa. Don haka shawarata ka fara yin kwas ɗin koyon tuƙin babur na MSF na kwana biyu ka sami lasisin babur, ka yi hayar ɗaya a EagleRider na kwana ɗaya ko biyu, sannan ko ka saya ka yi wata biyu kai kaɗai kafin ka ɗora matarka. Amana ce za ka ɗauka a bayanka.

Ɗan Kumasi: Na goyi bayan Alhaji. Kuma kada ka sayi sabo a karon farko, na hannu sun cika kasuwa da mil kaɗan, ka nemi na 2017 zuwa sama don a shekarar Milwaukee-Eight ya fara, ka tabbata yana da birkin ABS mai hana taya kullewa da ƙarfen kare inji. Ka tambayi kuɗin inshora kafin ka sa hannu. Ni akwatin dama darduma da buta da rigar ruwa ne kawai a ciki, duk inda lokaci ya yi sai in sauka wurin hutawa in yi sallata in wuce.

Maman 'yan biyu: Tunda a Maryland kake ma ka yi sa'a, Front Royal ba nisa, nan Skyline Drive ta fara, mil 105 ce kuma gudun da aka yarda mil 35 ne, tana ƙarewa ka shiga Blue Ridge Parkway. Ita ta dace da fitarku ta farko.

Ɗan Fagge a Maryland: Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Yanzu na duba akwai kwas ɗin ƙarshen wata kusa da mu zan yi rajista yau in sha Allah, bayan nan in yi hayar Road Glide Limited rana ɗaya Gold Wing rana ɗaya in ji da jikina. Malam Bakanike in na ga na hannu zan turo maka hotuna da lambar mil ka duba min kafin in je.

Bakanike Zinder: Turo, kuma ka ce mai shi kada ya tayar da injin kafin ka iso, a sanyi nake so ka ji tashinsa.